Kowace Ƙwarya da Abokiyar Burminta: Jawabi Kan Haɗa Bututun Ruwa a Gida



Ina godiya ƙwarai da kuka bar harkokinku kuka taru a nan Idu domin sauraron wannan jawabi. Abin da zan yi magana a kansa ƙarami ne a ido, watau ɗan farin tef ɗin nan da ake naɗawa a bakin famfo, da gwangwanin gam, da zoben roba, da sauran abubuwan da ake liƙe mahaɗar bututun ruwa da su. In aka kwatanta kuɗinsu da na siminti da rodi da kwanon rufi, bai taka kara ya karya ba. Saboda haka ne ma mai gida kan tsaya da kansa a kan kwaɓa siminti, amma ya bar sayen gam a hannun yaron aike. Ina fata kafin mu tashi za ku yarda da ni cewa lafiyar iyali da ƙarkon gini suna rataye a wuyan waɗannan ƙananan abubuwa.

Duk wanda ya san Idu shekarun baya ya san yadda ta bunƙasa. Ga masana'antu, ga tashar jirgin ƙasa da ke zuwa Rigasa a Kaduna, wadda aka buɗe a 2016, ga gidaje suna ta tashi daga nan har Karmo da Gwagwa da Jiwa. Kowane gida kuwa yana bukatar ruwa. Waɗansu na samun na hukuma, waɗansu sun haƙa rijiyar burtsatse sun ɗora tanki a sama, waɗansu kuma 'yan garuwa ke kawo musu. Ruwan da Hukumar Ruwa ta Babban Birnin Tarayya ke rabawa, a madatsar Usuma kusa da Bwari ake tace shi, ana kuma ƙara mata ruwa daga madatsar Gurara da ke Jihar Kaduna ta wani ƙaton bututu mai tsawon kilomita 75. Ku duba wannan wahala da wannan dukiya. Amma duk da haka, ruwan da ya yi wannan doguwar tafiya lafiya lau yana iya lalacewa a kamu ɗaya na ƙarshe, a cikin gidanka, saboda mahaɗa guda da ba a liƙe ta daidai ba.

Illar Yoyo

Illa ta fari ita ce asarar ruwa. A kwana guda akwai daƙiƙa 86,400. In mahaɗa tana ɗigo sau ɗaya a kowace daƙiƙa, to kafin gobe war haka ta zubar da lita 20 ko fiye, watau jarka guda cur. A shekara jarka 365 ke nan. In kurar ɗan garuwa na ɗaukar jarka 10, ka zubar da kura 36 da ɗoriya ba tare da ka sha ko ka yi wanka ba. Mai burtsatse ma bai tsira ba, domin kuɗin wuta ko na man janareta ya biya kafin ruwan ya hau tanki. Da yayyafi kogi kan cika.

Illa ta biyu ita ce lalacewar gini. Bututun da ke yoyo a cikin bango ba ya sallama. Sai dai a ga fenti na kumbura yana ɓarewa, bango ya yi baƙi-baƙi, ɗaki ya riƙa warin danshi, rodin da ke cikin kankare ya kama tsatsa. Ranar da za a gyara kuwa dole a fasa tayil da filasta, a kashe ninkin-ba-ninkin abin da aka yi tsimi a kansa.

Illa ta uku ita ce mafi muni, ita ce kuma mutane da yawa ba su sani ba. Kafar da ruwa ke fita ta cikinta, ta nan ƙazanta ke shiga. Muddin akwai ƙarfin ruwa a cikin bututu, ruwan ne ke turowa waje. Amma da zarar an ɗauke ruwa, ko tanki ya ƙare, ko wani maƙwabci ya jona injin ja a jikin layi, sai bututun ya koma yana zuƙa. To in mahaɗar tana kwance cikin kwata, ko kusa da ramin masai, me za ta zuƙo? Ran da aka dawo da ruwa, wannan ƙazanta ita za ta fara isa randarka da tukunyarka. Ta irin wannan hanya ake kamuwa da amai da gudawa da zazzaɓin taifot. A shekarar 2021 cutar kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan bisa ƙididdigar Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa, ta kashe fiye da 3,500, Babban Birnin Tarayya ma bai kuɓuta ba. Gurɓataccen ruwa shi ne babban dokin da wannan cuta ke hawa. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Babbar Ƙa'ida

Babu abin liƙi guda ɗaya da ya dace da kowane irin bututu. Kafin ka aika a sayo komai, tambayi kanka abu uku. Da me aka yi bututun, ƙarfe ne ko roba, in roba ne wace iri? Wace irin mahaɗa ce, mai haƙora ce da ake murɗawa, ko ta zurawa? Wane ruwa ne zai bi ta ciki, na sha ne ko na wanke-wanke da ke fita, mai sanyi ne ko mai zafi? Amsar waɗannan ita za ta nuna maka abin da za ka saya. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na Ɗaya: Mahaɗa Mai Haƙora

Wannan ita ce wadda ake gani a bakin famfo, da bututun ƙarfe, da jikin injin ruwa, inda namijin ke shiga macen ana murɗawa. Kome kyan haƙoran, akwai 'yar siririyar hanya da ke saura a tsakaninsu, ita ce ake son toshewa.

Abin da ya fi dacewa a nan shi ne farin tef na musamman da ake yi da wata roba mai suna PTFE, wadda aka fi sani da Teflon. Wani masani ɗan Amurka mai suna Roy Plunkett ne ya gano ta a 1938. Ba ta ruɓewa, ba ta narkewa a ruwa, ba ta sake ɗanɗanonsa. Ku lura, wannan tef ba ya manne komai. Aikinsa shi ne ya cike giɓi, ya kuma sa haƙora su shige da santsi. Ga yadda ake naɗa shi. A goge haƙoran tas, a cire tsohon tef da tsatsa. A riƙe bututun bakinsa na kallon mai aiki, a bar haƙori na farko a buɗe domin kada guntun tef ya faɗa ciki ya toshe famfo, sa'an nan a naɗa yadda hannun agogo ke juyawa, ana ɗan ja domin ya kwanta. In aka naɗa ta baya, murɗin farko zai warware shi. Tef mai kauri zagaye 3 zuwa 5 ya isa. Mai sirantaka yana bukatar ƙari. A ɗaure da hannu har ya tsaya, a ƙara juyi ɗaya ko biyu da sifana. In aka ɗaure kuma aka sassauta, to a kwance a sake sabon naɗi.

Akwai kuma man liƙi na gwangwani ko na matsi da ake shafa wa haƙora. Yana da amfani musamman a manyan bututun ƙarfe, amma lalle a karanta jikinsa a tabbatar an rubuta ya dace da ruwan sha. In haƙoran na roba ne, a tabbatar an rubuta ya dace da roba, domin waɗansu irinsa na cin roba har ta tsage.

Tsofaffin ma'aikata sun saba da zare irin na rama da ake naɗawa a shafe da fentin mai. Hikima ce ta zamaninta, domin zaren na kumbura in ya sha ruwa ya toshe kafa. Sai dai zare abu ne mai ruɓewa, yana zama maɓoyar ƙwayoyin cuta. Fentin mai kuwa ba don ya taɓa ruwan sha aka yi shi ba, bincike ma ya sha nuna akwai dalma a waɗansu fentin mai da ake sayarwa a kasuwanninmu. Saboda haka a bar wannan dabara a layin ruwan sha.

Abu biyu kuma nake so masu sana'a su riƙe. Na fari, in za a haɗa ƙarfe da roba, gara namijin roba ya shiga macen ƙarfe. In namijin ƙarfe ya shiga macen roba, aka cika tef aka matse da ƙarfi, robar za ta tsage, ko yau ko bayan wata guda. Na biyu, haƙora iri biyu ne a duniya. Akwai na Ingila, wanda ya samo asali daga tsarin da Joseph Whitworth ya fitar a 1841, shi muka gada, kusurwarsa digiri 55. Akwai na Amurka mai digiri 60. A bututu mai inci ɗaya, na Ingila haƙori 11 gare shi a kowane inci, na Amurka 11 da rabi. A ido kamar ɗaya suke, amma ba sa zama da juna sosai. In an sayo inji ko tukunyar ɗuma ruwa daga waje, a duba irin haƙoransa a nemi mahaɗar da ta dace. Yawan tef ba ya gyara haƙoran da ba jinsi ɗaya ba.

Na Biyu: Bututun PVC

Wannan shi ne farin bututu ko mai ruwan toka da ya fi yawa a gidajenmu. Da gam ake haɗa shi, amma gam ɗinsa daban ne da na takalmi ko na katako. Shi wannan narka fatar robar yake yi, ta bututun da ta soket ɗin, su cuɗanya su zama jiki ɗaya in ya bushe. Don haka ba ya aiki sai a kan robar da aka yi shi dominta.

A yanka bututun daidai ba karkace ba, a kankare ɓurɓushin bakinsa, a ɗan dushe gefen. A gwada zura shi ba gam a ga ya shiga da ɗan matsi. A goge ƙura da maiƙo da danshi. A shafa gam sosai a bayan bututun, a shafa kaɗan a cikin soket, a zura nan take har ƙarshe ana ɗan juyawa rubu'in zagaye, a riƙe kamar daƙiƙa 30 domin kada ya turo baya, a share wanda ya fito. Sa'an nan a yi haƙuri. Abin da ya fi aminci shi ne a bar shi awa 24 kafin a sake masa cikakken ƙarfin ruwa. Gaggawar nan ta "bari mu gwada mu gani" ita ke wanke gam ɗin tun bai kama ba, ta kai shi cikin tanki.

A lokacin zafi, daga Fabrairu zuwa Afrilu, gam na bushewa da sauri, don haka a yi aiki a inuwa, a riƙa rufe gwangwani. Gam ɗin da ya yi kauri ya daskare ya mutu, a jefar da shi, kada a tsinka shi da fetur. Yana kama wuta, warinsa kuma na sa jiri, saboda haka ban da taba da murhu a kusa, a buɗe taga, a kau da shi daga yara.

Ku sani kuma PVC iri biyu ne. Akwai mai kauri na ruwan famfo, akwai mai sirantaka na fitar da ruwan wanka. Wanda ya sa mai sirantaka a layin tanki domin araha, kome kyan gam ɗinsa fashewa zai yi. Tankin da ke sama da mita 10 yana danna bututun ƙasa da nauyin kimanin kilo ɗaya a kan kowane santimita murabba'i, dare da rana. Har ila yau PVC ba ya jure zafin da ya wuce digiri 60, don haka ba a sa shi a layin ruwan zafi. Akwai ɗan'uwansa CPVC da aka yi domin wannan, shi ma da nasa gam na dabam.

Na Uku: Bututun PPR

Shi ne wanda aka fi gani kore, wani lokaci fari, ya kuma yaɗu a sababbin gine-gine. Yana ɗaukar ruwan sanyi da na zafi. Babu gam ɗin da ke kama shi. Da wani inji mai zafin digiri 260 ake narka bayan bututun da cikin soket a lokaci guda, a haɗa su su zama ɗaya. Bututu mai faɗin milimita 20 daƙiƙa 5 yake bukata a jikin injin, mai 25 daƙiƙa 7, mai 32 daƙiƙa 8. In aka gaza, bai kama ba. In aka zarce, robar za ta narke ta tattaru a ciki ta ƙuntata hanya, mai gida ya yi ta kukan ruwa ba ƙarfi alhali tanki cike yake. A zura shi miƙe ba murɗawa, a riƙe har ya huce. In an ɗauke wuta, a jira ko a tada janareta. Gasa bakinsa a kan gawayi ko risho ba ya maye gurbin injin. In kuma za a haɗa PPR da PVC ko da ƙarfe, akwai mahaɗa ta musamman mai haƙoran tagulla, ita ake sa wa tef.

Na Huɗu: Mahaɗa Mai Zoben Roba

Ƙarƙashin kwanon wanke hannu, da tankin masai, da tiyon nan mai lanƙwasa, da kan shawa, duk zoben roba ne ke tare ruwa. Haƙoran da ke wurin matse zoben kawai suke yi. In irin wannan ta yi yoyo, zoben ne ya tsufa, ko ya karkace, ko an matse shi har ya tsage. Maganinta sabon zobe. Naɗa tef a nan na iya ma hana zoben zama daidai.

Gargaɗi Kan Dalma

Waɗansu manyan gidaje na amfani da bututun jan ƙarfe wanda ake liƙewa da narkakken ƙarfe. A da, da dalma ake haɗa wannan liƙi, har Amurka ta hana shi a layin ruwan sha a 1986. Dalma guba ce mai taruwa a jiki a hankali, tana dakushe ƙwaƙwalwar yara, tafasa ruwa kuwa ba ya fitar da ita. Ƙa'idar ingancin ruwan sha ta Nijeriya ba ta yarda ta wuce miligiram 0.01 a cikin lita guda ba. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda yara fiye da 400 suka rasu. Can daga ƙurar dutsen zinariya dalmar ta fito, amma gubar ita ce dai. Duk wanda zai liƙe jan ƙarfe, lalle ya nemi abin liƙin da aka rubuta babu dalma a cikinsa.

Abubuwan da Ba Su Dace Ba

Robar taya da ake yankawa a ɗaure yoyo da ita, da leda, da tsumma, da sabulu, agajin gaggawa ne na kwana ɗaya kafin mai gyara ya iso. Rana na ƙona roba ta saki, ƙazanta kuma na bi ta ƙarƙashinta. Silikon na da amfani wajen toshe tsakanin kwanon wanka da bango, amma ba ya tare ruwa mai ƙarfi. Siminti ɓoye yoyo yake yi. Gasa bakin PVC a wuta domin a buɗa shi a zura wani, maimakon sayen soket, yana raunana robar a daidai inda ake son ƙarfinta. Kada kuma a bar mahaɗa ko guda a cikin kwata. In dole bututu ya ƙetare kwata, a ƙetara da shi ta sama da dogon sanda guda marar haɗi, a zura shi cikin wani babban bututu domin kariya.

A Kasuwa

Mu nan mun yi sa'a, kasuwar kayan gini ta Dei-Dei ba ta da nisa. Amma inda na gari yake, jabu ma yana nan. A duba sunan kamfani da adireshinsa, da ranar da aka yi kayan da ranar ƙarewarsu, da irin bututun da aka rubuta gam ɗin ya dace da shi. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, wato SON, wadda aka kafa a 1971, tana da tambarin da take sa wa kayan gida da ta tantance, a neme shi. A girgiza gwangwani a ji gam na motsi. A guji wanda aka ɗura a kwalbar da ba ta da suna. A karɓi rasidi. Wanda ya ci karo da jabu ya kai ƙara ofishin hukumar. Araha ba ta ado.

Gwaji Kafin Rufe Bango

Tun ran gini, tun ran zane. Kada mai gida ya yarda a yi filasta ko a shimfiɗa tayil sai an gwada aikin. Bayan gam ya cika lokacinsa, a cika tanki, a buɗe famfuna iska ta fita, a rufe su duka, a yi alama a inda ruwa ya tsaya, a bar shi ya kwana. Da safe in ruwan ya sauka, akwai yoyo. A bi mahaɗa ɗaya-ɗaya da busasshiyar takarda, za ta tona asirin wadda ke zufa. Mai mita ya rufe famfunansa ya duba ko tana juyawa. Sa'an nan a saki ruwa ya wanke sabon bututun sosai kafin a sha.

'Yan'uwana masu sana'a, aikinku amana ne, domin yawancinsa a cikin bango yake, mai gida ba zai taɓa ganinsa ba, amma 'ya'yansa za su sha abin da ya biyo ta ciki. Ku koya wa yaranku na aiki waɗannan ƙa'idoji, ku kuma gaya wa mai gida gaskiya in ya nemi a yi masa kwaskwarima. Ku kuma masu gidaje da masu haya, ku biya ma'aikaci haƙƙinsa, ku saya masa kayan ƙwarai, ku ba shi lokacin da aikin ke bukata. Iyayenmu mata, ku ne kuka fi kusa da famfo; in kuka ga danshi a bango, ko ruwa ya sake launi ko wari bayan an dawo da shi, ku faɗa da wuri, ku tafasa na sha kafin a gyara. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ina roƙon kowa, in ya koma gida yau, ya bi layin bututunsa daga tanki ko daga bakin titi har zuwa madafa, ya duba kowace mahaɗa. Wanda ya ji kuma ya gaya wa wanda bai samu zuwa ba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya mai da kowa gidansa lami lafiya.